Ƙaramin Gida: Wadar Zuci ko Gudun Jama'a?

Wata rana da hantsi muna zaune a ɗakin malamai, kowa na fifita da takardun jarrabawa domin an kwana uku ba a kawo wuta ba, sai wani abokin aikinmu ya miƙo wayarsa ya ce mu zo mu ga ikon Allah. Hoton bidiyo ne na wani Bature da matarsa a wani daji na ƙasar Amurka, suna nuna wa duniya gidansu, gidan da bai fi rumfar mai shayi girma ba. Gadonsu na can sama kamar ragaya, sai an taka tsani ake hawansa. Ga ɗan murhu a kusurwa, ga tankin da ke tarar ruwan sama daga indararo, ga farantin sola a kan rufi. Babban abin taƙamarsu kuwa shi ne babu wayar wuta ko bututun famfo da ya haɗa su da hukuma. Nan take aka kece da dariya. Malamin lissafi ya ce, "Ashe dai kakata da ke ƙauye ta riga Turawa wayewa, ita ce ba ta sani ba!"

Mun yi dariyar tare da kowa, amma da muka koma gida sai abin ya tsaya mana a rai. Dalili kuwa shi ne, shekara tara ke nan muna fama da wani gini a bayan gari, ɗaki huɗu da falo biyu, wanda ya tsaya a linta bayan ya cinye adashi uku da bashin ƙungiyar malamai, alhali har yau a gidan haya muke kwana. Waɗancan da muka yi wa dariya suna kwana a nasu, ba mai binsu ko kwabo. To tsakaninmu da su wa ya kamata ya yi wa wani dariya? Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo maganar gaban 'yan'uwa marubuta, mu tambaya: mutumin da ya rage gidansa, ya yanke waya, ya koma gefe guda, wadar zuci ya samu ko kuwa jama'a ya guje wa?

Asalin Lamarin

Kafin mu yanke wa mutane hukunci, ya kamata mu san ciwon da suke nema wa magani. Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka sun nuna cewa a 1973 matsakaicin sabon gida a ƙasar yana da faɗin murabba'in ƙafa kimanin 1,660, amma zuwa 2015 ya haura 2,600, alhali yawan mutanen da ke kwana a kowane gida raguwa ya yi. Akasarin waɗannan gidaje da bashin banki ake sayensu, bashin da kan ɗauki shekara 30 ana biya da kuɗin ruwa. Wato mutum zai shiga gida yana saurayi, bai zama nasa ba sai furfura ta fito. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2008, miliyoyin iyalai suka kasa biya, bankuna suka karɓe gidajen.

Tun kafin wannan, a wajen 1999, wani mai suna Jay Shafer a jihar Iowa ya ƙera wa kansa gida mai faɗin murabba'in ƙafa kimanin 100, ya ɗora shi a kan tirela mai tayoyi, domin dokokin gini na garuruwa da yawa ba su yarda a kafa gidan zama mai irin wannan ƙanƙanta a ƙasa ba. Bayan masifar 2008 sai mutane suka yi ta kwaikwayonsa, har a 2018 kundin ƙa'idojin ginin gidaje da jihohin ƙasar da dama ke bi ya keɓe wa irin waɗannan gidaje sashe, ya ce ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba. Don mai karatu ya gane, ɗakunan nan namu masu ƙafa 12 sau 12, guda uku sun ɗara shi. Wasu daga cikin masu irin waɗannan gidaje suka ƙara da yanke hulɗa da kamfanin wuta da na ruwa: sola da batir su ba su haske, ruwan sama ko rijiya su ba su na sha, masai kuwa bokiti ne da ake rufe ƙazantar da garin katako har ta zama taki.

Saboda haka ba wasa ne kawai ya kai su daji ba. Da yawansu sun ga yadda gida ya hau kan mai shi ya zama ubangidansa, suka ce ba za su yi wa bulo da siminti bauta ba. Wanda ya taɓa karɓar albashi ranar Litinin ya miƙa wa mai siminti ranar Talata ya san abin da suke nufi.

Mutumin Bakin Tafki

Masu wannan ra'ayi suna da wani malami da suke jingina da shi, wato Henry David Thoreau, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1862 a garin Concord ta jihar Massachusetts. Shi ma ɗan'uwanmu ne a sana'ar alli, domin ya taɓa koyarwa a makarantar garinsu, ya ajiye aikin cikin 'yan makonni saboda saɓani a kan dukan ɗalibai. Ranar 4 ga Yuli, 1845, ya tare a wani ɗaki da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 15, wanda ya ci masa Dala 28 da 'yan kai. Ya zauna a nan shekara biyu da wata biyu da kwana biyu, yana noman wake, yana karatu, yana rubutu. Littafin da ya rubuta game da wannan zama, mai suna Walden, ya fito a 1854.

Jigon tunaninsa mai sauƙi ne, kuma yana da wuyar musantawa. A ganinsa farashin kowane abu shi ne yawan kwanakin rayuwa da mutum ya bayar kafin ya mallake shi. Ya lissafa ya ga aikin mako shida a shekara ya ishe shi ci da sha da sutura, sauran lokacin kuwa nasa ne. Idan muka ɗora ginin nan namu a kan wannan ma'auni, falo na biyu ya ci mana hutun ƙarshen zango nawa da muka yi muna koyarwar bayan fage? Ya ci littafi nawa da muka yi niyyar rubutawa ba mu rubuta ba? Bahaushe ya riga ya faɗa, kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma ba Thoreau ne farau ba. Tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa ake ba da labarin Diyojinis, masanin falsafa na ƙasar Girka, wanda ya mai da wata babbar randa makwancinsa, har aka ce ya yar da ƙoƙon shan ruwansa ranar da ya ga yaro yana sha da tafin hannu. Mu ma a nan malamanmu sun daɗe suna karantar da zuhudu, wato kada duniya ta shiga zuciya ko da tana hannu.

Har zuwa nan muna tare da masu ƙaramin gida. Amma akwai abubuwa biyu a cikin labarin Thoreau da masu yabonsa ba su cika tsayawa a kansu ba, kuma a ganinmu a nan amsar tambayarmu take.

Katakon Lebura

Abu na farko shi ne inda katakon ɗakin ya fito. Thoreau da kansa ya ba da labarin cewa ya sayi bukkar wani lebura ɗan ƙasar Ailan, mai aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ta gefen tafkin, a kan Dala 4 da santi 25, ya rushe ta ya kwashe allunan. Washegarin cinikin da sassafe ya gamu da leburan da iyalinsa a kan hanya, sun ɗaure duk abin da suka mallaka a ƙunshi ɗaya sun yi gaba.

Mai karatu ya dubi wannan lamari da kyau. Katako ɗaya ne, kuma ɗakunan biyu duk ƙanana ne. Da yake kan leburan sunansa talauci, da ya koma kan ɗan boko wanda ya gama jami'ar Harvard sai ya zama falsafa, har duniya na karanta labarinsa bayan fiye da shekara 170. Me ya bambanta su? Zaɓi. Thoreau ya shiga da ƙafarsa, kuma ranar da ya ga ya ishe shi, a watan Satumba na 1847, ya fito da ƙafarsa ya koma gari. Leburan bai zaɓi shiga ba. Dukansu biyu suna iya cin wake su kwana, amma ɗaya yana da tuwo a gidan uwarsa ya bari, ɗayan kuwa rashin tuwo ne ya sa shi.

Wannan bambanci bai mutu ba. A Amurkar yau, a birane irin su Seattle da Los Angeles, an kafa unguwannin ƙananan ɗakuna domin tsugunar da marasa galihu da ke kwana a titi, kuma wasu daga cikin ɗakunan ba su kai na masu nuna kansu a bidiyo girma ba. Ba wanda ke zuwa ya tambayi mazaunansu sirrin kwanciyar hankali. A nan gida kuwa, Bankin Duniya ya bayyana a 2021 cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba su haɗe da layin wutar lantarki na ƙasa ba. Ba ɗaya daga cikinsu da ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa ya ce a cire masa waya. Matar da ta haihu a hasken cocila, da ɗalibin da ke bitar karatu a gindin fitilar mai shago, ba zuhudu suke yi ba, haƙƙinsu ne bai iso gare su ba.

Don haka dariyar da aka yi a ɗakin malamai tana da gaskiyarta, amma akwai haɗari a cikinta. Haɗarin shi ne mu ɗauki maganar Turawan nan mu mai da ita abin lallashin talaka, mu ce masa ai ga shi waɗanda suka ci gaba ma sun dawo inda kake, sai ka gode. Wannan zalunci ne da aka yi wa ado da hikima. Ba a cewa mutum ya bar abin da bai taɓa riƙewa ba. Wadar zuci ado ce ga wanda ya samu ya ce ya isa, kuma garkuwa ce ga wanda bai samu ba don kada ya yi sata ko hassada, amma ba ta taɓa zama hujja ga mai ƙoshi ya hana mai yunwa ba.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Abu na biyu shi ne, Thoreau bai taɓa rabuwa da mutane ba, ko da yake sunan da ya yi ke nan. Filin da ya yi gini a kai na abokinsa ne, marubuci Ralph Waldo Emerson. Gatarin da ya fara sare itace da shi na aro ne. Ranar ɗaga ginshiƙan ɗakin abokansa ne suka zo suka kama masa. Tafkin bai kai mil biyu daga gari ba, kuma yakan taka ya shiga a kai a kai, ya ci abinci a gidansu, ya ji labarin gari. Masu sukarsa sukan kawo wannan don su nuna cewa zaman nasa na ƙarya ne. Mu kuwa a ganinmu wannan ne ya sa zaman ya yi kyau, laifin kawai na masu ba da labarin ne da suke ɓoye shi.

Haka abin yake ga jikokinsa na yau. Mutumin da ke cewa ya yanke hulɗa da kowa, farantin solar da ke kan rufinsa mai yiwuwa ma'aikatan ƙasar Sin ne suka ƙera shi, domin can ake yin akasarinsu. Wasu nau'o'in batura suna ɗauke da ma'adinin da aka haƙo a Kwango. Hanyar da ya ja tirelarsa a kai da harajin jama'a aka yi ta, kuma ranar da ciwo ya kama shi da tsakar dare asibitin gari zai nufa, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ya dai cire waya ɗaya da ido ke gani, amma dubban igiyoyi na nan sun ɗaure shi da mutanen da bai san sunansu ba. Idan ya san da haka ya gode, to madalla. Idan kuwa ya zauna yana ganin shi ya fi sauran mutane tsarki saboda ba ya bukatar kowa, to ya fita daga bautar dukiya ya faɗa bautar kai, wadda ta fi wuyar magani domin mai ita ba ya jin ciwonta.

Ko Fulanin daji, waɗanda suka fi kowa sanin zaman bukka a ƙasar nan, waɗanda ke iya ɗaure gidansu kaf a bayan sa su tashi, ba su taɓa cewa sun wadatu da kansu ba. Kullum nono na shiga gari, hatsi da gishiri da kanwa na fita ruga.

Ina Zauren Yake?

To in haka ne, da me za mu auna sauƙin rayuwa na gaskiya? A ganinmu ma'aunin na nan a ƙofar gidan Bahaushe, wato zaure. Mai gida ba ya kwana a zaure, ba ya ajiye dukiyarsa a ciki. Ɗaki ne da mutum ke ginawa da kuɗinsa domin waɗansu: baƙon da dare ya yi wa, almajirin da ruwa ya tare, maƙwabtan da za su haɗa akushi su ci tuwon dare, masu zuwa sasanta rigima ko neman aure. Sau da yawa za ka ga gidan ƙasa mai ɗaki biyu kacal, amma da zaurensa. Yanzu kuwa ga manyan gidaje a sababbin unguwanni, ɗaki bakwai, dogon bango da waya mai ƙaya a kai, ga maigadi, amma babu inda baƙo zai tsuguna ya sha ruwa. Wannan babban gida da wancan ƙaramin na daji da ba shi da wurin kowa sai mai shi, duk da bambancin girmansu, cuta ɗaya ke damunsu.

Tambayar da za a yi wa duk mai rage kayansa ita ce: kason wa ka rage, kuma abin da ka samu na lokaci da kuɗi ina ka kai shi? Wanda ya rage nasa jin daɗin don ya samu sararin yi wa mutane amfani ya yi zuhudu. Wanda kuwa ya rage kason baƙo da na dangi da na tsofaffin iyayensa don kada a dame shi, rowa ya yi, ko da a randa yake kwana. A nan ne Thoreau ya ci jarrabawa. A ɗan ɗakin nan nasa kujeru uku ya ajiye, alhali shi kaɗai ne, kuma baƙi ba su yanke masa ba. Yana cikin wannan zama ne, a watan Yuli na 1846, aka kulle shi kwana ɗaya saboda ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta halatta bautar da mutane. Maƙalar da ya rubuta a kan haka, wadda ta fito a 1849, ta yi tasiri a kan Mahatma Gandhi da Martin Luther King. An kuma san shi da taimakon bayin da suka gudo suna neman tsira zuwa Kanada. Da yana da bashin shekara talatin a wuyansa, da wuya ya yi wannan ƙarfin hali, domin mai kaya da yawa shi ya fi tsoron gobara.

Ba sai mun je nesa ba wajen neman misali. Marigayi Malam Aminu Kano, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, amma har ya rasu a 1983 an san shi da ƙin tara abin duniya. Bai koma daji ba. A Gwammaja ya zauna, a tsakiyar talakawa, ƙofarsa a buɗe, kuma gidan nan nasa na Mumbayya ya zama cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Rashin nauyin kaya shi ya ba shi bakin faɗa wa masu mulki gaskiya.

Wani zai ce, ai duk wannan zancen gwauraye ne da marasa 'ya'ya, mai iyali goma ina zai kai su a ɗaki ɗaya? Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya koma rumfar mai shayi ba. Iyali na da haƙƙin sutura da sarari, yara maza da mata na bukatar a raba musu makwanci, tsohuwa na bukatar ɗakinta. Wanda ya cusa iyalinsa a ƙunci alhali yana da hali, don a ce masa mai gudun duniya, da haƙƙin wasu ya yi ado. Abin da muke cewa shi ne kowane ɗaki a tambaye shi aikinsa. Wanda aka gina don mutum ya kwana a ciki ya tsaya. Wanda aka gina don idon maƙwabci, shi ne abin tuhuma.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, wannan magana ta shafe mu fiye da kowa. Rubutu na son lokaci da natsuwa, kuma mun san da yawa daga cikinmu da suka ajiye alƙalami ba don basira ta ƙare ba, sai don hidimar abubuwan da ba su zama dole ba ta cinye su. Haka kuma ya kamata mu duba abin da muke zuba wa matasa a littattafanmu. Sau nawa jarumin labari yake zama mutumin kirki ba tare da an ba shi katafaren gida da jerin motoci a shafi na ƙarshe ba? Idan kullum ladan haƙuri a labaranmu shi ne bene, kada mu yi mamaki in ɗalibanmu sun taso suna ganin mai ɗaki biyu a matsayin wanda ya fāɗi. Kada kuma mu juya mu riƙa yi wa talauci kwalliya muna kwance a ƙarƙashin fanka.

Game da ginin nan namu na bayan gari kuwa, mun kira magini a hutun da ya wuce mun sake shawara. Za a rufa ɗaki uku da falo ɗaya mu tare, mu huta da haya. Falo na biyu, da yake shi ne ke fuskantar titi, mun ce a toshe ƙofarsa ta ciki a fasa masa wata ta waje, a bar shi zaure. Maginin ya dube mu ya ce, "Malam, ai yanzu an daina yayin zaure." Muka ce masa mun sani, a dai fasa ƙofar.

Allah Ya ba mu abin da zai ishe mu, Ya kuma ba mu zuciyar da za ta gane ya isa, amin.